Jan Biron Kawu

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da keken ɗinkin nan naki da ya fi kowa surutu a gidan. Ni dai lafiya lau, in ban da bayana da ya fara yi mini gardama duk lokacin da na sunkuya ɗaura takalmi. Likita ya ce shekaru ne. Na ce masa na gode, da ma ban zaci ƙuruciya ba ce.

Auta, ajiye almakashi ki ji labari. Kin san shi, amma bari in faro daga tushe don daɗin faɗa. Tun ranar da na bar gidanku na zo nan aiki, ban taɓa rubuto miki wasiƙa ba sai na saka wa Kawu shafi guda na Turanci a ciki. Shi kuma bai taɓa ba ni amsa ba. Ba "ina lafiya", ba "yaya aiki". Bin shafin yake yi da jan biro, ya dawo mini da abina. Ni da ake biya albashi a maɗaba'a don in gyara rubutun masu wallafa littattafai, ni da furfura ta cinye rabin gemuna, har yau mahaifinki yana kama ni da waƙafin da na ajiye inda ba a aike ni ba.

To, jiya ambulan ya iso. Na buɗe, na ga shafina fari fat. Na juya bayansa. Na ɗaga shi a hasken taga, ko tawadar ce ta dushe. Ko ɗigon ja babu.

Na kai wa mai injinmu ya gani. Ya goge hannu a wando, ya duba, ya ce, "To, sai me?" Ban ga laifinsa ba, shi ba a hannun Kawu ya tashi ba. Bai san dokar aji ba: in Malam ya yi maka ja, ka sake rubutawa, ka kawo gyaran da hannunka, ka tsaya gaban teburinsa har ya gama karantawa. Ba aike, ba zama. Ni da nake kwana a gidansa ma sau biyu nake shan tsayuwar, a makaranta ina ɗalibi, a gida ina ɗan ƙanwarsa. Nisa ne kaɗai ya sa ya yafe mini ita.

Na saya wa duk 'yan ɗakinmu shayi. Takardar kuma na sa an yi mata gilashi, tana rataye bisa teburina, inda wasu ke rataye takardar digiri.

Ki gaya masa kada ya ji kunya, kowane gwani da ranarsa. In kuma biron ne ya ƙafe yana ɓoyewa, ya faɗa, in aiko da kwali guda. Da na kira shi a waya na yi masa dariya, amma kin san ra'ayinsa, wai murya ba ta da gefen da za a yi mata ja.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Ban ga 'yar takardarki a cikin ambulan ɗin ba. Ko ɗinki ne ya yi yawa har yayanki ya zama ba kowa ba?

Ki gaida kowa.

Yayanki

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Ni da yara muna lafiya, suna gaishe ka. Baba ne ba lafiya. Ka sauke takardar nan daga bango.

Da safe ne, yana zaune yana shan shayi, na ji kofi ya faɗi. Na shigo na tarar bakinsa ya karkace, yana kallona kamar ni ce na yi masa wani abu. Muka kai shi asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama, hannu da ƙafa.

Na kira ka ranar. Na ce maka Baba ba ya jin daɗi. Ka ce ba ka ji sosai, inji na ƙara, Allah ya sawwaƙe, a ba shi maganin mura. Yaya, wannan ba maganar da zan ɗaga murya in faɗa ba ce ina tsaye a barandar asibiti, mutane na wucewa. Na ce to, na kashe.

Shafinka ya iso muna can. Da aka sallame mu na jingina shi da matashi, na ɗora masa takardar a cinya, na sa masa biron a hannu. Ya sulale kan bargo. Na sake sa masa, ya sake sulalewa. Sai ya juya fuska bango, bai waiwayo ba har na fita. Na mayar da ita ambulan na aiko maka, don tun tasowata ban taɓa ganin takardarka ta daɗe a gidan nan ba. Na zauna zan rubuta maka bayani, na kasa. Ban yi tunanin shayi za ka saya wa mutane ba. Ba na jin haushinka. Da na karanta wasiƙarka har na yi dariya, kafin kuka ya zo.

Yanzu ga abin da ya fi hannun da ƙafar ciwo. Maganarsa ta tafi. Hausar gaba ɗaya babu. Ba ya iya kiran sunana, ba ya amsa sallama, sai dai ya ɗaga gira. Abin da ya rage a bakinsa Turanci ne, shi ma 'yan kalmomi, ɗaya-ɗaya, kamar ana tsinto su daga ƙasan jaka. Likita ya ce ana samun haka.

Ka san Turancina. Ya ishe ni karanta kwalin magani da tef ɗin awo, daga nan sai haƙuri. Amma ai na san "water" ruwa ne. Yana cewa "water", in kawo kofi, ya ture da hannun hagu har ya jiƙa riga. Ya sake cewa, in sake kawowa, ya sake turewa. Rannan har hawaye ya yi don takaici. Baba fa, Yaya. Ya ce "book", na kwaso masa littattafai na tara a gado, ya rufe ido. Akwai "light", akwai "hand". Ina tsaye a kansa kamar baƙuwar da ta sauka a tashar da ba tata ba.

Kai ne ɗansa na Turanci. Ni 'yarsa ce ta wanki da girki. Ka zo.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Kawu? Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki lada da ƙarfin baya. Ni ina nan, in ana kiran wannan lafiya.

Na sauke takardar. Mai injin ya ga ƙusa tsirara a bango ya tambaye ni ina digirin nawa. Na ce an janye shi.

Na karanta wasiƙarki har na kusa haddace ta, kuma ina jin na gane wani abu. Kalmomin nan huɗu ba tsintuwa ba ne. Na san inda suka fito. Ke ba ki zauna a ajinsa ba, shi ya sa.

Kin san sunan da ɗalibai ke kiran mahaifinki a bayan idonsa? Malam Suna-da-Aiki. Yana da darasi guda da yake yi wa kowane sabon aji, shekara da shekaru, bai taɓa canja ko tari ɗaya a ciki ba. Zai shigo riƙe da kofin ruwa, ya ɗaga shi sama ya ce "water". Ya ce wannan suna ne, sunan abin da ke cikin kofin. Sai ya taka a hankali zuwa taga, inda ya ajiye wata shuka a gwangwani, ya tsiyaya mata ruwan, ya sake cewa "water". Ya ce wannan kuma aikatau ne, ban ruwa. Kalma ɗaya, ba a ƙara mata ko harafi ba. Daga nan ya ɗaga tafinsa, "hand", hannu. Ya miƙa wa na gaba alli, "hand", miƙawa. Ya nuna ƙwan lantarki, "light", ya danna makunni, "light". Yakan ce Turanci matsolon harshe ne, riga ɗaya yake saya wa kalma, da ita za ta je kasuwa, da ita za ta kwanta. Amma a ƙasan zuciyarsa son kalmomin nan yake yi. Ya ce sun fi wasu mutane kirki, don ba su tsaya a amsa suna kawai ba, in an neme su aiki suna tashi.

Na karanta a wani littafin likitoci cewa a irin wannan ciwo, wani lokaci abin da harshe ya fi sabawa da shi ne ke saura. Ban san iyakar gaskiyarsa ba. Amma in akwai kalmomin da suka yi gurbi a harshen Kawu, waɗannan ne.

Don haka ki gwada wannan. In ya ce "water" ya ture kofi, kada ki dubi bakinsa, ki dubi lambunsa na bayan gida. Wa ke ba shukokinsa ruwa tun da ya kwanta? In ya ce "light", wataƙila ba nuna miki fitila yake yi ba, a kunna yake so, ko a buɗe labule. In ya ce "hand", duba abin da idonsa ke kai, ki miƙa masa. "Book" kam ban da tabbas, tana da fuska fiye da ɗaya, sai kin lura.

Maganar zuwa. Auta, kin san lokacin da muke ciki. Makarantu sun kusa komawa, littattafan karatu ne jibge har rufi, inji ba ya hutawa, mai maɗaba'ar kuma in na je banɗaki ma sai ya dubi agogo. In na ɗaga ƙafa yanzu, za a buga wa yaran mutane kurakurai dubu, kuma Kawu ne farkon wanda ba zai yafe mini ba. Da zarar aiki ya lafa zan taho. Kafin nan, kin ga daga nan ma ina da ɗan amfani.

Ga shafinsa na saka, da manyan baƙaƙe. Ki gwada masa biron a hagu. Ba gaggawa.

Yayanki

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Yana ɗan zama a kujera yanzu. Yara lafiya, ƙaramar ta fara haƙori, kowa a gidan ya sani.

Ka ci gari. Da ya ce "water" na kira maigidana, muka ɗauke shi da kujerarsa zuwa wurin shukokinsa a bayan gida. Wallahi kunya ta kama ni. Tumatir ɗin da ke cikin bokitan fenti duk sun sunkuyar da kai, barkonon ya zube, ɗan lemun tsamin da ya dasa bara saura ganye kaɗan. Ban taɓa leƙawa ba tun ranar. Na ɗebo ruwa na fara zubawa. Ya bi hannuna da ido, ya ce "water", a hankali, ba irin ta faɗa ba. Sai kuma ya hau dukan hannun kujera da hagu. Ashe a kan ganye nake zubawa, shi a gindi yake so. Maigidana ya ce, "To, Malam ya warke, tunda ya fara gyara." Ranar ce na fara yin dariya da gaske.

"Light" ma haka ne, labule yake so a ɗage da safe. "Book" har yanzu ban gane ba. Na daina kwaso littattafai, sai in ce masa to Baba, ya harare ni.

Na gode, Yaya, da gaske nake. Amma kada ka ɗauki wannan ka rataye a ƙusar nan taka.

Bari in gaya maka abin da wasiƙa ba ta yi. Ba ta ɗaga mutum daga gado. Ba ta kai shi banɗaki. Maigidana direba ne, ka sani, in ya ɗauki hanya sai a yi kwanaki ba a gan shi ba. In ba ya nan ni ke yi wa Baba wanka. Yana rufe ido tun daga farko har ƙarshe, ni ma ina kallon bango. Akwai abin da 'ya ba ta so ta yi wa mahaifinta, shi ma ba ya so ta yi masa. Gemunsa ya yi buzu-buzu don ya ƙi yarda in sa masa reza. Keken da kake tsokana ya yi shiru, yadin mutane na nan a leda, wasu sun zo sun karɓi abinsu.

Ba wannan ne ya fi damuna ba. Duk lokacin da aka taɓa ƙofar waje sai ya ɗago kai. In ya ga maƙwabci ne ko mai kawo magani, ya mayar.

Shafinka yana hannunsa kullum. Yana bin layi da yatsa, leɓensa na motsi. Biron dai ya ƙi hagu, yana kallonsa kamar an ba shi cokali ya yi noma.

Na ga ka rubuta "da zarar aiki ya lafa". Yaya, yaushe aikin maɗaba'a ya taɓa lafawa? Lokacin bikina littattafan makaranta ne, lokacin rasuwar Mama kalanda ce, ka zo a makare ka koma da wuri. Ni na san ka tun kana satar karatu da tocila a ƙarƙashin bargo. Ba aiki ne ya riƙe ka ba. Tsoro kake ji.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Yaya mai jiki? Yaya ke, da mai sabon haƙori? Ina tambaya ne duk da na lura kwanan nan tambayoyina ba sa samun mai amsa su. Wannan ce wasiƙa ta biyu da na aiko ba labari. Na kira wayarki, wata mata mai ladabi ta ce mini a kashe take, cikin harsuna biyu. In fushi kike yi, kin iya shi, gadon gidanku ne. Kawu ya taɓa yin mako bai yi mini magana ba saboda na ninke kusurwar shafin ƙamus.

Tunda ban sani ba ko kin karanta waccan, bari in maimaita dabarar da na yi. Shafin da na saka a cikinta cike yake da kurakurai, kuma da gangan na zuba su. Irin waɗanda ko ɗan aji uku zai ji kunyarsu. Har cikin darasinsa na shiga na yi ɓarna, na ɗauki kalmominsa na Suna-da-Aiki na sa kowace a inda ba wurinta ba. Ba ki san wahalar da na sha ba. Kamar mutum ya fita titi da riga a bai-bai yana sane. Hannuna sai gyarawa yake yi da kansa, ina hana shi.

Ga lissafina. Mahaifinki bai taɓa iya wuce kuskure ba. Da idona na ga ya tashi daga kujerar mai aski, rabin kai a aske, ya fita waje ya gyara rubutun allon shagon, ya dawo ya zauna. In akwai abin da zai sa hannun hagun nan ya koyi riƙe biro, to haushi ne, ba lallashi ba. Ki ba shi shafin, ki ajiye biron kusa, ki fita. Ki bar shi da kurakuran su kaɗai a ɗaki.

Maganar tsoro kuma. Na so in yi miki raha a kanta, na nemi rahar na rasa. Mutumin nan shi ya ɗauke ni ina maraya, ya zuba mini kowace kalmar da nake cin abinci da ita yau. Ban san da wace fuska zan shiga ɗakinsa ba, bakina cike da magana, nasa babu. A takarda har yanzu shi ne Malam, ni ne ɗalibi. In na tsaya a kansa ban san su wa za mu zama ba.

Na faɗa. Kada ki saba, ba kullum zan riƙa ba ki gaskiya ba.

Ki rubuto, ko layi ɗaya ne, ko na zagi ne.

Yayanki

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Ba fushi nake yi ba. Daga asibiti nake rubuto maka, a kan gwiwata, ka yi haƙuri da rubutun. Wayar ta faɗi a ƙofar mota ranar da muka kawo shi, ban samu kaina ba balle in gyara ta. Wasiƙunka biyu maigidana ne ya kawo mini su tare.

Abin ya sake dawowa. Wannan karon ya fi na farko. Haɗiya tana yi masa wuya, da cokali ake ɗiga masa ruwa. 'Yan kalmomin nan ma sun tafi, har "water" ɗin. Shekaranjiya likita ya kira ni baranda, ya cire tabarau, ya ce in akwai wanda ya kamata a kira, a kira shi.

Ban yi niyyar ba shi shafinka ba, na ga ba lokacinsa ba ne. Amma jiya da safe ya farka idonsa tar, ya ga bakin ambulan a jakata, ya kafa masa ido har sai da na ciro. Na tallafe takardar da murfin kwali. Ban fita ba kamar yadda ka ce, wa zai riƙe masa? Na cire murfin biron na sa masa a hagu. Ya riƙe, Yaya. Riƙon wuƙa ya yi masa, amma ya riƙe.

Ya fara bi da bakin biron, layi-layi. Ya zo wani wuri ya tsaya. Na ce a raina yau ga ja. Sai ya ɗago ya dube ni da idon nan nasa na in yaro ya kawo masa ƙaryar da ba ta nuna ba. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. Ya wuce. Ya sake tsayawa a wani wurin, ya sake wucewa. Haka har ƙasa. Ko ɗaya bai taɓa ba. Ya gane ka sarai. Kai da ka ce a takarda shi ne Malam, ka manta Malam ya san rubutun ɗalibinsa in yana wasa.

Sai da ya kai layin ƙarshe, wanda ke saman sa hannunka, sannan ya danna biron. Ya daɗe yana ja. Layin ya karkace, ya hau ya sauka, a ƙarshe har ya huda takardar. Gumi ya keto masa. Da ya gama ya saki biron, ya tura mini shafin, ya nuna ƙofa da haɓa, yadda yake yi in yana so a kai saƙo yanzu-yanzu.

Na ga kamar na gane layin, amma ban yarda da Turancina ba. Na roƙi wata nas ta karanta mini. Ta ce an rubuta, "Zan zo da zarar aiki ya lafa." Ta ce jan ya bar farkon, ya soke duk abin da ya biyo bayan "zan zo".

Ga shi nan na saka maka. Ban ƙara komai ba. Kai ne mai gyaran rubutu, ka san abin da ake yi in Malam ya yi ja.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya sa ya huta. Na dawo bakin aiki lafiya. Bayana ya yi ta ƙorafi a hanya, ban kula shi ba. Littattafan makaranta sun fita ba ni, kuma har yanzu ban ji an ce sama ta faɗo ba.

Akwai abin da ban gaya miki ba a kwanakin da muka yi tare. Farko hidima ta hana, daga baya gida ya cika da masu gaisuwa, kuma kin san ni, bakina bai kai alƙalamina ba.

Kin tuna safiyar da na iso asibiti, kika ce tunda na zo bari ki je gida ki duba yara ki yi wanka? Kika bar mu mu biyu. A aljihuna akwai gyaran. A tasha na rubuta shi, bisa jakata, kafin mota ta cika. Na kwashe duk kurakuran da na zuba da gangan, na kwafe layin ƙarshe yadda ya bar shi, na sa aya.

Akwai kujera a gefen gadon, wadda kike kwana a kai. Ban zauna ba. Shi ma bai nuna mini ita ba. Na miƙa masa shafin da hannuna, na tallafe masa da murfin kwalin nan naki, na cire murfin biron na ajiye a kan bargo. Na tsaya.

Abin da na yi ta tsoro bai faru ba. Ban ga wani baƙo a gadon ba. Ya rame, gemu ya rufe shi, amma da ya sunkuyar da kai kan takarda sai na ji gwiwoyina sun tuna aikinsu. Ya bi kowane layi da bakin biron. Bai yi mini rangwame ba, wani wurin har komawa baya ya yi ya sake dubawa. Ni kuwa, da furfurata da ciwon bayana, ina tsaye ƙiƙam kamar ɗan aji ɗaya. Ya kai ƙasa. Ya daɗe a kan layin ƙarshe. Ya ɗago ya dube ni tun daga takalmi har hula, kamar yana gwada abin da ke rubuce da abin da ke tsaye.

Sai ya saki biron a ƙirjinsa, ya lalubi murfin a kan bargo. Na kai hannu zan taimaka, ya harare ni na janye. Ya tokare gindin biron da ƙirji, ya yi ta fama, murfin na zamewa, har ya shiga. Na ji ɗan ƙaran rufewarsa. Sannan ya miƙo mini shafina, ya nuna kujerar da haɓa.

Yanzu ina da farin shafi biyu. Na farkon kin san labarinsa. Wannan kuwa hannunsa na iya riƙe biro lokacin da ya bar shi fari. Ban sa masa gilashi ba. Yana cikin aljihun tebur, mai injin ma bai gan shi ba.

Sauran kin gani da idonki. Kin ga ya yarda na yi masa aski, kin ga bai rufe ido ba da nake goge masa jiki. Na gode da kika bar mini waɗannan kwanakin, ke da kika ɗauki watannin ke kaɗai. "Book" ɗin nan dai ya tafi da ita. Na yi ta juya ta a hanya, ban samu ba, kuma na haƙura.

Biron yana kan tagar ɗakinsa, ki bar shi a nan. Ki buɗe keken, ki kira masu yadi ki ba su haƙuri. Lemun tsamin ya fitar da sabon ganye ranar da zan taho, a gindi ake zuba masa, kada ki manta. Zan zo ƙarshen wata in duba shi, in duba ku.

Kada ki girgiza ambulan ɗin, babu shafin Turanci a ciki. Na zauna zan rubuta, har na sa kwanan wata, sannan na tuna.

Yayanki